Kamfanin ya ce girma yake yi, amma yau wata biyar ba su kira ni ajin horo ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Yaya, barka da kokari. Ni matashi ne dan shekara 26, a Amurka nake zaune kuma takarduna na aiki a cike suke, nan nayi karatun tukin jirgi, yau sama da shekara biyu kenan ina koyar da dalibai a karamin Cessna 172 don in tara awanni, na cika awa 1,500 da ake bukata kafin a dauki mutum tukin jirgin fasinja tun tuni yanzu ma na haura 1,600. Wani kamfanin jirage na shiyya, irin masu kwaso fasinja daga kananan garuruwa su kai manyan filaye, sun min intabiyu na ci, suka bani takardar daukar aiki mai sharadi, wanda ya min intabiyun yace kamfanin girma yake yi, sabbin jirage na nan tafe, shekara biyu kacal na zama kyaftin. To gashi sau biyu suna daga ranar shiga ajin horo, ga bashin makaranta a wuyana, ga kuma wata takarda da suka ce sai na sa hannu, wai in na bar su kafin wasu shekaru zan biya su kudi. A gefe guda wani karamin kamfanin dakon kaya da daddare yace in zo ko gobe in fara. Yaya don Allah ta yaya zan gane da gaske girman suke ko dadin baki ne? In jira su ko in kama gabana?

Kaninka, malamin tuki

AMSA

Wa alaikumus salam kanena, sannu da hakuri. Na karanta wasikarka sau biyu, kuma wallahi na tausaya maka, don duk wanda ya san abin da ake nufi da awa 1,600 a kujerar dama ta Cessna inda malami ke zama, dalibi yana ta buga maka jirgi da kasa wajen sauka kana danne zuciya kana cewa mu sake zagayowa, ya san ba a banza ka kawo nan ba.

Bari in fara da maganar girman nan don ita ce ta fi rudar mutane. Kamfanin shiyya a Amurka rakumi ne da akala, akalar kuma tana hannun babban kamfani. Fasinjan da zaka dauka ba tikitin kamfaninku ya saya ba, na United ya saya ko Delta ko American ko Alaska, fentin jikin jirgin ma nasu ne, su ke tsara ina za a je da karfe nawa, su ke sa kudin tikiti, naku kawai kawo matuka da ma'aikata da kula da jirgi, a biya ku bisa kwantiragi gwargwadon awannin da kuka tashi. Saboda haka in mai daukar aiki yace maka muna girma, tambayar da zaka yi masa ita ce wa ya ba ku aikin, jirage nawa, kwantiragin yaushe zai kare, kuma jiragen mallakin wa ne. Wannan ta karshen kar ka raina ta ko kadan, domin in jiragen na babban kamfanin ne, ranar da aka bata ko wani ya kawo farashi mai sauki sai a kwashe su a mika masa, ku kuma a bar ku da yunifom.

Kuma an yi, ba sau daya ba. Comair babban kamfani ne a zamaninsa, Delta ta rufe shi a 2012. A 2020 da korona ta shigo, Trans States da Compass duk suka rufe a watan Afrilu, ExpressJet ta bi su a watan Satumba bayan United ta tattara aikin jiragenta na ERJ145 ta damka wa CommutAir. Akwai matukan da suka yi shekara ashirin a wadannan wuraren, suna kyaftin, suka koma kasan layi a wani kamfanin kamar yau suka fara. Shi ya sa nake so ka duba wane iri ne naka. Akwai wadanda babban kamfani ne ya mallake su gaba daya, Envoy da PSA da Piedmont na American ne, Endeavor ta Delta, Horizon ta Alaska. Akwai kuma masu zaman kansu da ke yi wa iyayen gida da yawa aiki, kamar SkyWest da ke tashi wa United da Delta da American da Alaska, ko Republic mai yi wa uku daga ciki. Wanda ni ya fi ban tsoro shi ne mai zaman kansa da ubangida daya tak da tsofaffin jirage masu kujera 50, in wannan ubangidan ya juya baya shikenan an gama.

Sannan girman nasu ma yana da rufi. Kungiyoyin matukan manyan kamfanonin sun sa sharadi a yarjejeniyarsu cewa jirgin da za a ba kamfanin shiyya kar ya wuce kujera 76 da nauyin fam 86,000, an kuma kayyade adadin irin wadannan jiragen da kowane babban kamfani zai iya bayarwa, don kar a kwashe musu aiki a kai wa masu karamin albashi. Wannan sharadin ne ya hana sabon samfurin kamfanin kera jirage na Embraer, wato E175-E2, shiga kasuwar don ya yi nauyi, CRJ kuma, wani jirgin shiyyar, an daina kera shi, na karshe ya fita a 2021, Mitsubishi ma ta hakura da nata jirgin SpaceJet a 2023. Kenan sabon jirgi guda da ake ta saye shi ne E175 na asali, ba E2 din ba. To in an ce maka an yi odar sabbin E175 guda kaza, ka tambaya kari ne a kan wadanda ake da su ko kuwa maye gurbin tsofaffin da za a ajiye ne, domin in ashirin sun shigo ashirin sun fita babu kujera ko daya da ta karu, hoto ne kawai mai kyau a Facebook.

Yanzu dalilin da yasa suke daga maka rana. Kai kana ganin kamar kai aka raina, alhali abin daga sama yake gangarowa. Daukar aiki a kamfanin shiyya ba sabbin jirage ne ke tuka shi sosai ba, ficewar na gaba ce. A 2022 da 2023 manyan kamfanoni sun dauki matuka sama da 12,000 a kowace shekara, saboda sun sallami da yawa da ritayar wuri lokacin korona sai ga fasinja sun dawo kamar ambaliya, kuma a ina zasu samo matukan in ba a kananan nan ba. Kyaftin-kyaftin suka yi ta ficewa har aka ajiye daruruwan jirage a kasa babu mai tuka su, albashi ya yi tsalle, a tsakiyar 2022 kamfanonin American guda ukun nan suka kai sabon mataimakin kyaftin dala 90 a awa, aikin da a da mutum ke yi a kan abin da bai fi dala 20,000 da 'yan kai a shekara ba. Labarin wancan lokacin ne har yau masu daukar aiki ke ba yara. Amma a 2024 abin ya ja birki, bayan wani bangaren jikin jirgin Alaska 737 MAX 9 ya balle a sama a watan Janairu hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta takaita yawan jiragen da Boeing zai rika kerawa, ga yajin aikin ma'aikatan Boeing a karshen shekarar, ga matsalar injinan Pratt & Whitney da ta kwantar da jiragen Airbus da dama, babu sabbin jirage babu bukatar sabbin matuka, daukar aikin manyan ya fadi kasa da rabi. Na sama bai matsa ba, na tsakiya bai matsa ba, kai da ke bakin kofa sai aka ce ka dan jira.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kamfanonin nan ba mataimaka suka rasa ba, kyaftin suka rasa. Doka ta ce kafin ka koma kujerar hagu, wato ta kyaftin, sai ka yi awa 1,000 a irin wannan aikin na jigilar fasinja, kuma jirgi baya tashi da mataimaka biyu, don haka in kamfani yana da tulin mataimaka da karancin kyaftin, kara dauko irinka ba zai daga masa jirgi ko daya ba, sai ma ku taru kuna zaman jiran kira, wata ya kare baka yi awa arba'in ba, awa 1,000 din ta kara nisa. Shekara biyun da aka ce maka lissafi ne na wanda yake tashi sosai kowane wata. Ka nemi wani mataimaki da ke aiki a kamfanin yanzu, ba na ofishin daukar aiki ba, ka tambaye shi awa nawa ya tashi watan jiya, wata nawa ya yi a zaman jira kafin ya samu jadawalinsa na kansa, mutum nawa ake sawa a kowane aji, kuma kyaftin na karshe a jerin, wato wanda ya fi sauran kyaftin sabunta a kamfanin, yaushe aka dauke shi. Wannan ranar ta karshe ta fi duk wata takardar talla fadin gaskiya.

Amma kar ka dauka ina kashe maka gwiwa ne, ko alama. Doka ta tilasta wa matukin jirgin fasinja ajiye aiki a shekara 65, an yi yunkurin kai ta 67 a majalisa amma bai shiga dokar FAA ta 2024 ba, kuma dubbai ne a manyan kamfanonin ke isa wannan shekarun, kowanne ya tafi sai an ja wani daga kasa. Kofa zata rika budewa tana tsukewa, kai kuma shekararka 26, kana da kusan shekara 39 a gabanka in Allah ya ba da lafiya da tsawon rai.

To me zaka yi. Ka san dai a wannan sana'ar wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ranar da ka zauna a ajin horo ita ce lambarka, da ita zaka zabi garin da za a ajiye ka, da ita zaka samu hutu, da ita zaka zama kyaftin, in an zo rage ma'aikata kuma daga kasa ake yankowa. Takardar sharadin da ke hannunka ba lamba bace, alkawari ne kawai, don haka kar ka yar da ita amma kar ka zauna gadinta. Ka cika fom a sauran kamfanonin yau din nan, hudu biyar, duk mai kafafu da ya fara baka tabbatacciyar rana ka tafi, ka rubuta wa wadannan cikin ladabi ka gode musu. Ba cin amana bane, su ma sun san haka ake yi.

Batun dakon kaya kuma, ni ban raina shi ba sam. Tuki da daddare kai kadai cikin hazo da kankara, kai ke yanke shawarar a tashi ko a fasa, yana gyara matuki fiye da wata shekarar ta zagaye fili da dalibai, kuma kwai a baka ya fi kaza a akurki ga mai bashi a wuya. Sai dai ka sani in irin Caravan ne mai inji daya, awanninsa ba zasu shiga lissafin 1,000 din zama kyaftin ba, sannan ka tambaye su ko su ma suna da tasu takardar daurin, in shekara guda ce ko kasa kuma kudin fitan abin da zaka iya dauka ne, ka karba kana jira, in kuma zasu daure ka shekara biyu da kudi mai nauyi gara ka ci gaba da koyarwarka.

Ita kuma waccan takardar ta kamfanin shiyyar, kanena don girman Allah kar ka sa mata hannu a waya kana tsaye a bakin jirgi tsakanin dalibi da dalibi. Ka buga ta a takarda, ka zauna da biro, in da hali ka biya lauya ya duba maka, kudin awa daya na lauya bai kai komai ba a kan dubban dalolin da wasu ke rubutawa a ciki. Ka duba kudin yana raguwa da shekaru ko yana nan yadda yake, ka duba in su suka sallame ka ko ka fadi jarrabawar horo ko likita ya rike maka takardar lafiya shin zaka biya, ka duba ko an wajabta maka karbar kyaftin da zarar ka cancanta ko da a garin da baka so ne. In akwai bonas na shiga aiki, haraji zai ci nasa kafin ya iso hannunka, amma ranar mayarwa wasu cikakken adadin suke nema, don haka ka ajiye shi gefe kar ka taba sai wa'adin ya cika. In kuma sun yi maka maganar akwai hanyar wucewa kai tsaye zuwa babban kamfani, ka nemi a nuna maka a rubuce mutum nawa ke wucewa a wata, ka raba da yawan wadanda ke gabanka, zaka ga shekarun da idonka.

Kafin kiran ya zo kuma ka koma kan littafi, musamman tuki da na'urori cikin gajimare, don malaman tuki da yawa hannunsu ya yi sanyi a nan, su dai kallo suke dalibi na tukawa. Horon jet gudu ake yi da shi, 'yan makonni ne a aji da na'urar kwaikwayon tuki, kuma duk jarrabawar da ka fadi tana shiga rumbun bayanan matuka na FAA inda duk kamfanin da zaka nema nan gaba zai gani. Ka daidaita littafin awanninka tsaf kar a samu lissafin da bai hadu ba, ka tabbatar takardar lafiyarka mai daraja ta daya bata kusa karewa ba. Ka sake rubuto min in ka samu amsar tambayoyin nan daga bakin wani na ciki, musamman ranar daukar kyaftin na karshe, sai mu duba tare. Allah ya sa a kira ka da alheri, ya kuma sauke maka bashin nan cikin sauki.