Aikin gidan tsoro a watan Oktoba: abin da tallan yake nufi

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Orlando, jihar Florida ta Amurka, ya rubuto cewa ya ga tallan aikin wucin gadi a wani filin shaƙatawa mai shirin bikin Halloween, wato bikin shigar ban tsoro na ranar 31 ga Oktoba, kalmomin tallan sun ɗaure masa kai, kuma mahaifiyarsa a gida ta tayar da hankali tun da ta ji ana ambaton fatalwa da dodanni.

Ɗan'uwa, ka fara kwantar wa Hajiya da hankali da gaskiyar lamarin: wasan kwaikwayo ne na neman kuɗi, babu tsafi ko bori a ciki. Filin Knott's na Kalifoniya ya fara shi tun 1973, Universal na garinku ya bi sahu a 1991, kuma ana rufewa jim kaɗan bayan 31 ga Oktoba.

Abin da tallan ya kira haunted house, wasu filayen kuma maze, gini ne da aka yi wa lungu-lungu a cikin duhu, baƙi na bin hanya ɗaya har su fita. Scare zone kuwa titi ne a sarari, cike da hayaƙin inji da kiɗa mai firgitarwa. Scare actor shi ne wanda ake shafa wa jinin ƙarya ko a sa masa abin rufe fuska, ya laɓe a bayan labule, ya yi wuf ya faɗo gaban mutane, ya koma ya jira na baya, haka har dare ya raba. Kafin a ɗauke shi sai ya yi audition, wato gwaji a gaban masu zaɓe. A manyan filaye doka ce kada ya taɓa baƙo, baƙo ma kada ya taɓa shi. Attendant kuma tsaron layi yake yi cikin kayan aiki na yau da kullum, yana duba tikiti har da Express Pass, wanda ake saya don rage jira.

Wannan bambanci ya shafe ka ƙwarai. Malamai da dama ba su yarda Musulmi ya shiga harkar bikin ba, don haka ka tambayi malamin da ka amince da shi. Idan za ka yi, ni na fi so ka nemi tsaron layi ko shara ko sayar da abinci, kada ka yi shigar gawa. Aikin na dare ne, zai ci Magariba da Isha'i, saboda haka ka nemi lokacin salla tun ranar ɗauka. Dokar Amurka ta kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya duba irin wannan buƙata, muddin ba za ta yi masa nauyi mai yawa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka faɗi irin takardar da kake zaune da ita ba. Kalmar seasonal da ke cikin tallan tana nufin aikin 'yan makonni, amma duk da haka sai ka cike fom I-9 na tabbatar da izinin yin aiki, kuma a duba takardunka cikin kwana uku na aiki. Idan kana da katin zama na dindindin ko katin izinin aiki, hanya a buɗe take. Idan kuwa bizar karatu ta F-1 gare ka, an yarda ka yi awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin zango, aikin waje kuma sai da izini na musamman, wanda galibi sai ya dace da fannin karatunka. Kada ka sa hannu a komai sai ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku, domin aiki ba izini yana iya rushe maka zama gaba ɗaya.