Yawo a ƙauyukan Ingila, da ƙafa ko da keke?

Tambaya: Malam barka da aiki, karatu zan tafi Ingila kuma na saba hawan keke da yamma daga Mabera har hanyar Wamakko. Wai gaskiya ne can mutum na ratsa gonar wani ba mai ce masa kala? Daga wani ɗalibi, Sakkwato.

Amsa: Gaskiya ne ɗana, amma ta hanyar da doka ta ware. Duba kibiyar da ke jikin katako bakin gona, rawaya ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuwa har keke da doki. In ka samu hutu ka taka wani yanki na Cotswold Way, wata doguwar hanyar yawon ƙafa, mil 102 ce daga Chipping Campden zuwa Bath, gidajen dutse ga tumaki ko'ina, wallahi wurin akwai kyau. Ƙofar gona ka bar ta yadda ka same ta, kuma kar ka manta rigar ruwa don laka ta can ba wasa.