Hajiya, kada ki juye kuɗin susu duka a maganin mantuwa

Wata Hajiya mai shagon kayan yaji da magungunan gargajiya a Aboabo, Kumasi, ta aiko da tambaya. Wani dillali ya tallata mata ƙwayoyin naman kaza na ƙasar waje, wai suna kaifafa ƙwaƙwalwa, suna maganin mantuwa, kuma sai ta ɗauki kwali goma zai ba ta farashin sari. Ta zuba kuɗin susunta, wato adashinta?

Hajiya, a'a, ba duka ba.

Hajar ba ta ƙarya ba ce. Irin da ake alaƙantawa da ƙwaƙwalwa shi ne Lion's Mane, wanda Sinawa da Japanawa suka daɗe suna ci. Binciken da 'yan talla suka fi kafa hujja da shi an wallafa shi a 2009. An yi shi a Japan kan mutum 30 kacal, masu shekara 50 zuwa 80, tsawon mako 16. Waɗanda suka sha sun ɗan fi sauran a gwajin tunani, amma da suka daina, amfanin ya fara gushewa. Wannan bai isa ki dubi dattijon da mantuwa ta kama ki ce zai warke ba. Allah ya kiyaye ki da cin kuɗin mai neman lafiya a kan alkawarin da ba ki da ikon cikawa.

Doka ma tana nan. Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta wajabta rajistar irin wannan kaya a hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, wato FDA, kafin a sayar, kuma tallarsa ma sai da izininta. Ki duba lambar rajista a jikin kwalbar, ki tabbatar da ita a ofishin hukumar da ke Kumasi. In babu, ki sallami dillalin, domin ranar da aka zo kame, kayanki za a kwashe.

Ta fuskar jari, wannan kaya mai tafiyar hawainiya ne. Yana da tsada, wa'adinsa na ƙarewa, ribarsa kuma tana hannun wanda ya dawo saye na biyu. In kin ji an ce sai kin kawo mutane sun yi rajista a ƙarƙashinki za ki ci riba, ki ja da baya.

Ki ɗauki kwali ɗaya, da sharaɗin mayar da abin da ya yi kwantai. Ki rubuta duk wanda ya saya. Mai ciwon sukari ko mai shan maganin tsinka jini, ki tura shi wurin likita tukuna. Bayan wata uku ki ƙirga mutum nawa suka dawo, sannan ki yanke shawarar ƙaro na biyu.