Ƙanwata, kada ki bi ejan ki gudu daga gidan nan

Wata baiwar Allah da ke aikatau a Riyad ta rubuto mini. Shekararta ɗaya da wata biyar a gidan, tana da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, amma fasfonta na kulle a durowar uwar gida. Albashinta riyal 800, abokiyar aikinta 'yar Filifin kuma 1,500, ga shi wata huɗu ke nan ba a ba ta ko sisi ba. An ware mata kofi da faranti, yaran gidan "abda" suke kiranta. Wani ejan Bahaushe a Jidda ya ce ta kawo riyal 2,000 ya fitar da ita cikin dare ya sama mata aikin waje. Yayanta a Kano ya ce ta yi haƙuri har a gama kayan ɗakin ƙanwarsu. Tana tambaya: ta gudu ko ta zauna?

Ƙanwata, na karanta saƙonki sau biyu, wurin kofin nan ya tsaya mini a rai. Ke kike dafa abincin, ke kike wanke kwanukan gidan kaf, amma bakinki ne bai isa ya taɓa kofinsu ba. Kalmar da yaran suke jifanki da ita ma'anarta baiwa, kuma yaro ba ya ƙirƙirar irin wannan magana, a bakin manya ya ji. Saudiyya ta haramta bauta a hukumance tun 1962, sai dai kalmar ta maƙale a harshen wasu, kuma baƙar fata ake nema da ita. Lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Manzon Allah (SAW) ce masa ya yi har yanzu akwai jahiliyya a tare da shi. Don haka kada kowa ya ce miki kin cika ƙorafi. Bambancin albashin ma ba don ta fi ki iya aiki ba ne. A 2006 gwamnatin Filifin ta kafa sharaɗin cewa ba za a ɗauki 'yarta aikin gida a ƙasa da dala 400 a wata ba, ta kuma tsaya a kai. Ke ejan da ya kawo ki ne ya yanka miki farashi.

Duk da haka, kada ki gudu. Yau ke ce mai bin bashi, doka na gefenki. Ranar da kika tsallake ƙofar nan da dare, kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki da sunansa, zai kai rahoton hurub, wato kin tsere daga aiki, daga nan kina iya zama wadda ake nema. In hakan ta faru igamarki ta tashi aiki, asibiti ya zama abin tsoro, albashin wata huɗun nan kuma sai ya yi wuyar karɓowa. Shi kuwa ejan ba abin da ya yi asara. Na san wata da aka fitar da ita haka. Ya ajiye su su tara a ɗaki ɗaya, yana tura su gidaje aikin yini, kuɗin na shiga hannunsa da sunan haya da abinci da ladan fitarwa. Da ta yi magana sai ya ce to ta je ta kai ƙara mana. Ina za ta kai, ita da ake nema? Ƙarshenta a sansanin tarhil na Shumaisi ta kwana, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka dawo da ita gida da leda ɗaya ta kaya, an kuma hana ta komawa. Don mutum yana jin Hausa ba shi ne ɗan'uwanki ba. Wanda ya nemi kuɗinki kafin ya nuna miki takarda, toshe lambarsa.

Ga ƙofar da take buɗe. Gyaran tsarin kafala, wato tsarin da ya ɗaure ma'aikaci da kafilinsa, da aka yi a watan Maris na 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba, wannan gaskiya ne, kuma shi ma wariya ce. Amma kuna da taku dokar, sabuwarta ta fara aiki a Oktoban 2024: ta hana kafili riƙe fasfonki, ta ba ki hutun yini ɗaya a mako. Kuma rashin biyan albashi na wata uku yana cikin dalilan da ke sa ma'aikatar ƙwadago ta mayar da ke hannun wani kafilin ko da na yanzu bai yarda ba. Ke har kin kai huɗu. Ki shigar da ƙorafi ta Musaned, wato shafin gwamnati na masu aikin gida, ko layin ma'aikatar, ki sanar da ofishin ɗaukar ma'aikata na Saudiyya da ya karɓe ki, sannan ki sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Riyad domin sunanki ya shiga rubuce. Kafin nan ki ɗauki hoton igamarki da kwangilarki ki tura wa wadda kika yarda da ita. Duk saƙon da uwar gida ta ce "wata mai zuwa" ki adana shi. Idan aka miƙo miki takarda da Larabci aka ce ki dangwala, ki riƙe yatsanki, domin da yawa da hannunsu suka shaida an biya su ba su sani ba. In kuwa abin ya kai ga duka ko wani namiji a gidan ya fara bin ki, to ki fita, amma ki nufi 'yan sanda ko ofishin jakadanci kai tsaye, ba ɗakin ejan ba.

Sai maganar Yaya. Ina girmama shi, amma ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Haƙurin da ake ba mutum daga kan tabarma a Kano, ana shan shayi, mai arha ne. Wane kayan ɗaki za a yi da albashin da ba a biya? Ko ana biya ma, gado da kujerun amarya ba su kai mutuncinki ba. Mun mayar da 'ya'yanmu mata da ke Saudiyya rijiya, kowa ya zo da gugarsa, ba mai tambayar ko ta ci abinci yau. Shi namiji ne, yana da ƙafa da hannu, aurar da ƙanwa nauyinsa ne kafin ya zama naki. A yi bikin daidai ƙarfi.

Ina zargin ma Hajiya mahaifiyarki ba ta san rabin abin da kike ciki ba, don na san halinmu, in uwa ta kira sai mu ce lafiya lau. Ki kira ta ita kaɗai, lokacin da Yaya ba ya kusa. Ki gaya mata maganar kofin, ki gaya mata sunan da ake kiranki da shi, ki ce kin kai ƙara kuma kuɗi ba zai zo ba sai an gama. In kin samu lambar ƙorafin, ki sake rubuto mini mu ga mataki na gaba.