Zauren Harshe: "Each" Da Turkanci, Ina Aka Dosa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Zariya ce, ina shekarar koyon harshe a Konya, wani birni a Turkiyya, kafin in fara karatun haɗa magunguna. Ƙamus ɗina ya ce "each" da Turkanci shi ne "her". To sai na rubuta "Elmalar her on lira", ina nufin "The apples are ten lira each", malamarmu ta soke shi da jan biro. Ina kuskuren yake? Kuma mene ne bambancin "each" da "every"? Ɗalibarku a Konya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi. Kalmar "each" aiki uku take yi a Turanci, Turkawa kuwa kowane aiki da kalmarsa. Abin da nake so ki lura da shi, Hausarmu ma haka take rarrabewa, don haka in kika bi ta Hausa kika faɗa Turkanci hanyar ta fi miki kusa.

Aiki na farko shi ne inda take zuwa gaban suna: "each student", wato kowane ɗalibi. Nan ne gidan "her", kalmar da Turkanci ya aro daga Farisanci. A ce "her öğrenci", in kuma ana son nuna ɗai-ɗai sosai a ce "her bir öğrenci". Sunan da ya biyo ta tilo ne, kamar yadda ba ma cewa "kowane ɗalibai". Mu mukan raba "kowane" da "kowace", su babu ruwansu da jinsi. In kuma ta tsaya ita kaɗai, kamar "each of them", sai a ce "her biri", kowannensu. "Her birimiz", kowannenmu.

Aiki na biyu ne ya kayar da ke, wato "each" ta kasuwa, wadda ke zuwa bayan farashi. Ki tuna yadda kike ciniki a Sabon Gari. Kin taɓa jin mai lemo ya ce "kowane naira ɗari"? Tambayarsa kike yi, "Nawa-nawa?" ya ce, "Ɗari-ɗari." Baturke kuma "tane" yake jawowa, wato ƙwaya ko guda. Tambayar ita ce "Tanesi kaç lira?", amsa kuma "Tanesi on lira." Jimlarki da ta gyaru za ta zama "Elmaların tanesi on lira." In da awo ake sayarwa, wanda shi ne aka fi yi da tuffa a can, sai ki ji "kilosu". In kuɗin da kowane mutum zai biya ne, kamar kun haɗu ku huɗu kun ci abinci, "kişi başı" ake cewa.

Ni a bakin wani mai simit na koyi wannan, burodin nan mai siffar zobe da ake barbaɗe shi da riɗi. Ina sabon zuwa Ankara, da sanyin safiya na tsaya gaban amalankensa na nuna, na ce "her kaç lira?" Dattijon ya ɗaga guda ɗaya, ya girgiza shi a gaban idona, ya ce "tanesi", sannan ya nuna kuɗin da yatsu. Har yau in na ji kalmar sai ƙamshin riɗin nan ya dawo mini.

Akwai kuma rabo, kuma nan ne na fi jin daɗin kamannin harsunan biyu. "Give the children two each." Mu sai mu ninka lamba: ba yaran bibbiyu. Su kuma ɗafa-ƙeya suke liƙa wa lambar: birer, ikişer, üçer, dörder, beşer, altışar, yedişer, sekizer, dokuzar, onar. Wato ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku, har goma-goma. Jimlar ita ce "Çocuklara ikişer tane ver." Dokar ba wuya: lambar da ta ƙare da baƙi ta ɗauki -er ko -ar gwargwadon wasalinta na ƙarshe, wadda ta ƙare da wasali a sa mata ş a tsakani. Ki kula da "dört", t ɗinta yakan koma d. In suka ninka kamar mu, "ikişer ikişer girin", ma'anar ita ce ku shiga biyu-biyu. Wani abu kuma, "beşer" tana da takwara mai nufin ɗan Adam, daga Larabcin "bashar" da kika sani a Islamiyya, amma jimla ce za ta nuna miki wadda ake nufi. Ga masu karatu da ba su saba da baƙaƙen da Turkiyya ta koma amfani da su a 1928 ba: ş ita ce "sh", ç kuma daidai take da "c" ɗinmu ta "ciniki".

Aiki na uku gajere ne. "Each other" shi ne juna, Turkanci "birbiri": "Birbirimize yardım ediyoruz", muna taimakon juna.

Sai batun "each" da "every". Dukansu "her" ne a Turkanci, dukansu "kowane" ne a Hausa, shi ya sa suke rikita mu. "Each" tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai raba goro a wurin ɗaurin aure. "Every" tana dubansu a dunƙule, ba a bar kowa ba. In abu biyu ne kacal, "each" ake sa masa, shi ya sa ake cewa "a ring in each ear". Ana cewa "almost every day", ba a cewa "almost each day". "Each" takan tsaya da ƙafarta, "each of us", amma "every" sai an tallafe ta da "one". Aikatau kuma na tilo ne: "each of them has", kodayake in ta biyo bayan jam'i sai a ce "they each have". Wannan na sha gyara wa ɗalibaina shi a takardun gwaji na WAEC.

Tunda magani za ki karanta, ki riƙe wannan da kyau. "Every eight hours" da Turkanci "sekiz saatte bir" ne, wato sau ɗaya cikin awa takwas. "Günde üç kez birer tablet" kuwa ƙwaya ɗai-ɗai ce sau uku a rana. Ki je kantin magani mafi kusa da makwancinku, inda aka rubuta "Eczane", ki karanta abin da mai kantin ke rubutawa a bayan kwali, sannan ki sake rubuto mini abin da kika gani.