Tambaya da Amsa: Yadda aka gano ɓuyar ƙwayar cutar shan inna a Borno

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce mai fita rigakafi gida-gida. Lokacin da cutar shan inna ta sake ɓulla a jihar Borno a 2016, an gaya mana cewa ƙwayar cutar ta yi kusan shekara biyar tana yawo ba a sani ba, kuma wai da kwamfuta aka gano haka. Ta yaya na'ura za ta san shekarun abin da ido ba ya gani? Sannan ƙanena mai karatun ilimin halittu yana sha'awar wannan fanni, ta ina zai fara? Daga wata mai karatu, Maiduguri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan aiki. Abin da aka gaya muku gaskiya ne, kuma fannin da ya yi wannan aiki shi ne bayo'infomatiks, wato nazarin bayanan ƙwayoyin gado ta hanyar kwamfuta da lissafi.

Kowace halitta tana ɗauke da bayanan gadonta a jere, kuma masana suna rubuta su da haruffa huɗu kacal. Na ɗan Adam sun kai kimanin biliyan 3, na ƙwayar shan inna kuwa kimanin 7,500 ne. Duk lokacin da ƙwayar ta hayayyafa a hanjin yaro, sai ta kwafi waɗannan haruffa, kuma a wajen kwafin takan yi kuskure nan da can, kamar yadda mai kwafar littafi da hannu yakan sauya harafi, wanda ya kwafa daga gare shi kuma ya gaji kuskuren ya ƙara nasa. Abin da ya sa wannan ya zama da amfani shi ne kurakuran suna taruwa da sauri kusan iri ɗaya. A wani sashe na haruffan ƙwayar da ake kira VP1, mai haruffa kimanin 900, ana samun sauyin kusan kashi 1 cikin 100 a shekara, wato haruffa tara ko makamancin haka.

A watan Agustan 2016 aka sanar da samun yara biyu da cutar ta shanye a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere, bayan shekara biyu ba a ga ƙwayar daji (wato ƙwayar shan inna ta asali, ba wadda ta samo tushe daga maganin rigakafi ba) a Najeriya ba, tun wadda aka samu a Sumaila ta jihar Kano a Yulin 2014. Da aka karanta haruffan ƙwayar da ke cikin bayan gidan yaran, sai kwamfuta ta jera su layi bisa layi tare da na ɗimbin ƙwayoyin da aka adana daga ƙasashe daban-daban, ta ƙirga inda suka dace da inda suka saɓa, sannan ta fitar da salsalarsu. Sakamakon ya nuna cewa danginta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011, kuma yawan sauyin da ke tsakaninsu ya yi daidai da shekarun da suka shige. Ke nan ba daga waje aka shigo da ita ba. Tana nan tana wucewa daga yaro zuwa yaro a garuruwan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Wannan bayani ya sa aka ƙaddamar da gagarumin rigakafi a ƙasashen yankin Tafkin Chadi, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar daji a ranar 25 ga Agustan 2020.

A nan ina so ki lura da wani abu da ba a cika faɗa ba. Kwamfuta ba ta san komai sai abin da aka kawo mata. Samfuri biyu na bayan gida da ake karɓa cikin kwana 14 da shanyewar yaro, a sa a akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji na Maiduguri ko na Ibadan kafin ya lalace, shi ne tushen dukkan lissafin. Shekaru biyar ɗin nan sun ɓace ne domin babu wanda ya iya kaiwa ga yaran, kuma a ganina duk wanda ya yaba wa na'ura ya manta da masu ɗaukar akwatin bai yi adalci ba.

Game da ƙanenki, ya riƙe ilimin halittunsa da kyau, ya haɗa da lissafin ƙididdiga, sannan ya koyi harshen shirya manhajar kwamfuta irin su Python ko R. Rumbun GenBank na Amurka, inda ake adana haruffan gadon halittu, a buɗe yake kyauta a intanet, kuma da manhajar BLAST zai iya kwatanta haruffan kowace ƙwaya da kansa. A gida ma akwai inda zai dosa, domin cibiyar nazarin ƙwayoyin gado na cututtuka masu yaɗuwa ta ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a Ede ta jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta haruffan ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020, kuma tana horar da matasa a wannan aiki.