Tambaya da Amsa: Na'urar gwajin bugu gaba da baya, wacce zan saya?

Tambaya: Malam, ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano, da injin Heidelberg GTO 52 nake aiki, littattafan makaranta da kalanda na fi bugawa. Ina son na'urar da za ta fitar mini da samfurin gwaji gaba da baya kafin a yi filet, wato farantin da ake ɗaura wa injin bugu. Wacce za ka ba ni shawara?

Amsa: Alhaji, gwajin nan iri biyu ne, kuma na'ura ɗaya ba ta cika yin su duka yadda ake so ba. Akwai gwajin tsarin shafuka, wato ka ninke takarda ka tabbatar shafi na 2 yana bayan na 1, ba wanda ya juye. Akwai kuma gwajin launi, wanda mutumin da ya kawo aikin zai sa wa hannu.

Manyan maɗaba'u sun yi amfani da na'urori irin su SpinJet, wadda a da ake haɗawa da firintar HP DesignJet ta juya takarda da kanta, ko Preproofer, mai firintocin Epson biyu, ɗaya ta buga gaba, ɗaya baya. Don manyan faifan takarda aka yi su, kai kuwa takardar injinka ba ta wuce santimita 36 da 52 ba. Kada ka zuba kuɗinka a nan.

Firintar leza mai juya takarda da kanta, irin Konica Minolta bizhub mai ɗaukar SRA3, wato santimita 32 da 45, za ta ishe ka a yawancin ayyuka. Sai dai zafinta yana ɗan tsuke takarda, baya ya kauce wa gaba kaɗan. Ɗaga takardar a haske ka dubi alamomin yanka, za ka gani.

Launin firintar lezar kuwa kada ka amince da shi. Idan kalanda ce mai hotunan mutane, nemi Epson SureColor mai feshin tawada, a saita ta da ma'aunin launin bugu na Fogra39, ka buga gefe ɗaya na takardar kawai.

Abin da na fi jaddadawa shi ne, ainihin fayil ɗin da za a yi filet da shi za ka gwada. In ka buga daga manhajar zane ta CorelDRAW, wurin yin filet kuma suka sake tsara shafukan a kwamfutarsu, gwajinka bai tsare ka daga komai ba. Ka ce su turo maka PDF ɗin ƙarshe, shi za ka buga, ka ninke, ka ƙirga shafukan da hannunka.